Yadda Malam Rabi'u Ya Malalar da Mai Yana Cikin Sahu

Duk wanda ya zauna a unguwar Port Richmond ta birnin New York kafin shekarar da mai ya malala ya san Malam Rabi'u Ɗanlami, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai tabarau da ke fitowa da sassafe, farar hular kwano a hannu ɗaya, kular abinci a ɗayan. Ɗan Sagagi ne a birnin Kano. Shekara tara ya yi yana koyar da ilimin sinadarai a wata sakandare kafin cacar biza ta faɗo kansa. Ya iso Amurka da takardun digirinsa a cikin leda, yana zaton jiransa ake yi. Jiransa kuwa ake yi, domin wani gidan wankin mota a Bronx yana neman mai goge gilashi.

Ya goge gilashi, ya yi gadin wurin ajiye motoci, ya tura keken marasa lafiya a asibiti. Sai a shekararsa ta goma aka ɗauke shi aiki a wani wurin ajiyar mai da ke bakin ruwan Kill Van Kull, gaba kaɗan da gadar Bayonne. Hausawan unguwa suna ce wa wurin Gidan Tanki. Manyan tankuna tara ne a jere, jiragen dakon mai suna zuwa su sauke, wasu su ɗauka. Muƙamin da aka ba shi kuwa har da cika baki: sufeton lafiyar bututu. An ba shi hula, an ba shi waya, an ba shi fom da biro. Abin da kawai aka manta a ba shi shi ne ikon rufe ko da famfon wanke hannu.

A ƙarshen gadar sauke mai ta Gidan Tanki, inda jirage ke tsayawa, akwai wani bawul, wato makullin da ke buɗe bututu ya rufe shi, mai lamba sha huɗu. Daidai saman ruwa yake. Tsatsa ta ci shi har ya fara ɗiga. Malam Rabi'u ya rubuta cewa a canza shi da gaggawa. Kamfani bai yi wasa da maganar ba, nan da nan ya ɗauki mataki: aka kawo bokiti aka tara. Bayan wata shida ya sake rubutawa cewa ɗigar ta ƙaru, sai aka kawo bokitin da ya fi wancan girma.

Manajan wurin, Mista Pagano, mutum ne mai fara'a. Sunan Rabi'u ya gagari harshensa, don haka Robi yake ce masa. Duk Juma'a da safe in aka kai masa rahoto sai ya dafa kafaɗarsa.

"Robi, abokina, wannan kalma ta gaggawa tana tsorata mutanen sama. Me zai hana ka rubuta ana sa ido?"

"Ranka ya daɗe, ido na sa na ga yana ɗiga," in ji Malam Rabi'u.

Mista Pagano ya yi dariya har da buga tebur, ya ce wa sakatariya wannan mutumi akwai barkwanci. Haka suka yi ta yi shekara uku. A tsakiyar shekarun nan ma kamfani ya ba Malam Rabi'u takardar yabo cikin gilashi, wai shi ne gwarzon kiyaye haɗari. Matarsa Na'ima ta rataye ta a falo, ta ce ko ba komai ta rufe inda fenti ya ɓare.

Game da sallar Juma'a kuwa, tun farkon zuwansa ya nemi izini a rubuce, Mista Pagano ya sa hannu. Sa'a ɗaya da rabi yake yi. Abokin aikinsa Kwame, wanda ya tashi a zangon Kumasi kuma Hausa a bakinsa kamar ruwa duk da shi Kirista ne, yakan riƙe masa wurin, shi kuma ya riƙe wa Kwame ranar Lahadi. Shekara da shekaru babu wanda wannan tsari ya dama.

Wata Juma'a cikin watan Afrilu ya fita ƙarfe ɗaya saura kwata. Bayan tafiyarsa wani jirgi ya iso kafin lokacinsa, kuma bututun da aka saba sauke masa yana aiki. Mista Pagano ya kira Kwame ta rediyo ya ce a juya man ta sha huɗu. Kwame ya ce sha huɗu fa? Aka ce masa jirgin ba zai kwana yana jira ba. Minti ashirin da fara turawa bawul ɗin ya tsage gida biyu.

A lokacin Malam Rabi'u yana sahu na biyu, liman yana tsakiyar raka'ar farko. Ko da aka yi sallama, wari ya riga ya shigo ta tagogin masallaci, mutane suna ta waige suna tambayar ko motar wani ce ke yoyo. Shi bai tambayi kowa ba. Ya san warin nan kamar yadda ya san muryar matarsa. Ya zaro waya ya ga kira goma sha bakwai, ya fita da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Da ya isa, ruwan ya zama baƙi ƙirin tun daga gindin gada har iya ganinsa. Jirgi mai saukar ungulu yana shawagi. Wata agwagwar ruwa tana ta ƙoƙarin buɗe fikafikanta sun ƙi buɗuwa. Ya tsaya yana kallonta. Cikin kwana uku man ya kai gaɓar Bayonne, ya gangara har kusa da inda jirgin fito ke tsayawa. Mutanen Port Richmond suka kulle tagogi, masu fuka suka cika asibiti, masu jefa ƙugiya ranar Lahadi suka naɗe kayansu.

Shugaban kamfanin ya taso takanas daga Texas. Ya tsaya gaban 'yan jarida da sabuwar hular kwano wadda ko takardar kanti ba a ɓamɓare mata ba, ya ce zuciyarsa tana tare da jama'a, da kifaye, da tsuntsaye, kuma ba zai runtsa ba sai an gano mai laifi. Aka shiga nema gadan-gadan. Kamfani ya ce masu jirgi ne suka turo man da ƙarfi. Masu jirgi suka ce ɗan kwangilar da ya shimfiɗa bututu ne. Aka nemi ɗan kwangila, aka tarar ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Masu ƙera bawul suka ce wa'adin kayansu ya ƙare tun kafin a haifi lauyan da ya kira su. Har sanyin hunturun bara sai da aka tuhuma, amma sanyi ba shi da adireshin da za a aika wa sammaci.

A rana ta biyar aka sanar cewa an gano musabbabin: kuskuren ɗan Adam. Kamfanin yana da ma'aikata dubu huɗu, amma da aka bincika sosai, ɗan Adam ɗaya tak aka samu a cikinsu.

Aka kira Malam Rabi'u ofis. Mutum biyu da bai taɓa gani ba suna zaune cikin kwat, Mista Pagano yana gefe yana nazarin takalminsa. Suka tambaye shi ina yake da ƙarfe ɗaya da rabi. Ya ce masallaci, kuma da izini a rubuce. Suka ce sun duba fayil ɗinsa kaf ba su ga wata takarda ba. Ya ce to a duba rahotanninsa na shekara uku. Suka juyo masa da kwamfuta. Ga su nan kuwa, ɗari da hamsin da wani abu, kowanne da sunansa a sama, kuma kowanne a gaban lamba sha huɗu an rubuta: ana sa ido.

Suka karɓi waya, suka karɓi katin shiga, har hular kwanon. A bakin ƙofa Mista Pagano ya biyo shi, ya rage murya.

"Robi, ka san ba ni ba ne. Daga sama ne."

"Na sani, ranka ya daɗe," in ji Malam Rabi'u. "Man ma daga sama ya zubo."

Washegari wata jarida ta buga a shafin farko cewa sufeto ya bar bakin aikinsa ya tafi hidimar gabansa. Daga nan labari ya shiga hannun 'yan uwa, su kuwa ba sa rowar gishiri. A kantin da ake sayar da doya da manja a titin Port Richmond aka ce barci ya yi. Kafin labarin ya haye ruwa ya kai shagunan teloli na layi na 116 a Harlem, an ce da ma sayar da man yake yi a ɓoye. Da ya isa Kano kuwa, jirgi guda ya nutsar. A ƙofar masallaci wasu da ba su taɓa ganin bawul ba suka yi zaman fatawa a kan ko Juma'a ta wajaba a kan mai tsaron mai, suka tashi ba su daidaita ba.

Abin da ya fi cin Malam Rabi'u ba surutun ba ne. Shi da kansa ya fara kokwanto. Yakan zauna a falo ya yi ta lissafin cewa da yana nan da ya tare Mista Pagano, da ya yi ihu, da ya kwanta a kan bututun. Ya daina cin kifi. In ya rufe ido sai ya ga agwagwar nan.

Kwame ya zo ranar Lahadi da dokunu, tuwon masara irin na garinsu, da soyayyen barkono a leda, ya zauna a bakin kujera kamar mai zaman makoki.

"Malam, sun sa ni na sa hannu a takarda. Bakina an kulle. Takardun zamana suna hannun lauyansu, in na yi magana ni da yara sai Kumasi."

"Ban ce ka yi magana ba, Kwame. Ci abincinka."

Babu wanda ya ci.

Na'ima ce ta gaji. Aikinta kula da wata tsohuwa a New Brighton, kuma shekara goma sha biyar na juya tsofaffi a gado sun koya mata cewa mutum in ya daɗe a kwance gyambo yake yi. Wata Talata ta ajiye masa riga da hula a gabansa.

"Malam, tashi. In laifinka ne, a faɗa mana a gaban hukuma mu ji. In ba naka ba ne, ba za ka zauna mini a falo kana ɗaukar wa manyan kamfani zunubi ba."

Ta kai shi Harlem wurin wata lauya mai suna Sherifa, 'yar zangon Accra da ta girma a Bronx, wadda ke aiki da wata ƙungiyar taimakon ma'aikata. Ofishinta yana saman shagon kitso. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baba, maganarka gaskiya ce, amma gaskiya ba ta shiga kotu sai da takarda. Kana da kwafin rahotannin da ka rubuta da hannunka?"

Ya ce babu. Fom ɗin yakan miƙa wa sakatariya ta shigar a kwamfuta, wayar kuma sun karɓe.

Na'ima ta gyara zama ta dube shi. "Malam, faɗa mata mana."

"Me zan faɗa?"

"Abin da kake yi duk Juma'a kafin ka miƙa fom ɗin."

Malam Rabi'u ya cire tabarau ya shiga gogewa. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe duk mako yakan ɗauki hoton fom ɗin ya tura wa yayarsa Nuriyya a Kano ta wasap. Ba don wata hikima ba. A saman fom ɗin akwai tambarin kamfani, ga sunansa, ga kalmar sufeto da manyan baƙaƙe, shi kuma yana so a san a Sagagi cewa ya wuce zamanin goge gilashi.

Sherifa ta ajiye biro. "Kira ta yanzu."

Azahar ce a New York, la'asar sakaliya a Kano. Yaya Nuriyya ta ɗauka, aka yi gaisuwa ta kai minti biyar, ta tambayi yara, ta tambayi jirgin da aka ce ya nutsar. Da ya yi mata bayani sai ta yi salati.

"Rabe! Wato duk takardun nan ba na yabo ba ne? Ƙorafi kake yi? Ni kuwa har na sa an wanke mini ɗaya an manne ta da leda, duk wadda ta shigo gidan nan sai na nuna mata!"

"Yaya, suna nan dai?"

"Ina za su? Ni ban iya gogewa ba. Wayar ma kullum sai ta ce mini ta cika."

Suna nan, a tsakanin bidiyon biki da wa'azi da hotunan atamfa. Har takardar izinin Juma'a mai sa hannun Mista Pagano tana ciki, domin ita ma ya tura, da rubutu a ƙasa cewa Turawa suna girmama shi. Kwana biyu aka yi ana turo su saboda matsalar sabis. Kowanne da kwanan watansa, kowanne da rubutun hannunsa irin na malamin makaranta: a canza da gaggawa.

Wata goma aka yi kafin kwamitin bincike ya zauna a wani zaure a ƙasan Manhattan. Kamfani ya zo da lauyoyi biyar. Sa'a biyu suka kwashe suna muhawara a kan ko za a iya amincewa da wayar da ke zaune a Afirka. Da wannan ta ƙi ci, babbansu ya juyo kan Malam Rabi'u cikin ladabi.

"Tunda ka san abin yana da haɗari, me ya hana ka rufe shi?"

"Ba a ba ni makulli ba."

"Me ya hana ka kai ƙara sama?"

"Sau ɗari da hamsin da ɗaya na kai. Ban san akwai wata saman ba."

"Kana nufin ka ci gaba da aiki a wurin da ka san ba shi da lafiya?"

"Ni da manaja da bokiti, duka mun ci gaba."

Shugabar kwamitin ta sunkuyar da kai tana gyara takardu. Daga nan aka kira Kwame, wanda Sherifa ta sa aka aika wa sammaci. Ya rantse, ya dubi lauyoyin nan biyar, ya dubi Malam Rabi'u. Sannan ya faɗi wanda ya kira shi ta rediyo da abin da aka ce masa, kalma bayan kalma. Bayan sati shida kamfani ya gano cewa yana bukatar rage ma'aikata, kuma binciken ya sake faɗawa kan mutum ɗaya: Kwame.

Rahoton kwamiti ya fito, shafi ɗari biyu da goma. A shafi na ɗari da arba'in da uku, layi biyu daga ƙasa, an rubuta cewa babu shaidar sakaci daga sufeton. Sherifa ta ja layi a ƙarƙashin jimlar da jan biro ta kawo masa har gida. Ya karanta sau uku, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya daɗe bai fito ba. Ran nan da yamma ya ce wa Na'ima ko akwai kifi.

Kamfani ya amince ya biya tara, bisa sharaɗin cewa biyan ba ya nufin ya yi laifi. Ko wa ya sauya rubutun da ke cikin kwamfuta? Aka ce tangarɗar na'ura ce. Na'urar dai ta iya zaɓen kalmomi. Mista Pagano ya sami canjin wurin aiki zuwa Louisiana, inda yanzu shi ke horar da sababbin manajoji kan kiyaye haɗari. Jaridar da ta sa Malam Rabi'u a shafin farko ba ta sami fili ba a wannan makon, saboda ana wasan ƙwallo. Kamfanin kuma ya canza suna, ya cire kalmar mai daga ciki, ya sa hoton zalɓe fari tas a tambarinsa. Da Sherifa ta nemi a mayar da shi aiki, aka amsa da wasiƙa mai daɗin karantawa cewa an soke muƙamin sufeto, an sa kyamara.

Yanzu Malam Rabi'u yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare a Brooklyn, yana wanke kwalabe yana jera wa ɗalibai kayan aiki, wani lokaci in malamar ta makara ya yi musu bayani a allo. Kwame yana tuƙa motar raba kaya. A unguwa har yau akwai masu ce masa mai jirgi, kuma ya daina gyara musu.

Wata Asabar a bazarar da ta wuce, yana dawowa daga walimar suna cikin babbar riga ruwan toka da hula zanna, ya ga an kafa rumfa a bakin ruwa, ana kiɗa ana raba lemo. Kamfanin mai zalɓe ne ke bikin dasa ciyawa don farfaɗo da gaɓa. Ya tsaya daga nesa yana kallo. Sai ga wata budurwa da katin kamfani a wuya ta nufo shi da gudu, fuskarta cike da murna. Ta ce kayansa sun yi kyau matuƙa, ko shi ɗan unguwar nan ne? Ya ce shekara ashirin. Ta ce ko ya ji labarin abin da ya faru a nan shekarun baya?

"Na ɗan ji," in ji shi.

Ta roƙe shi ya riƙe shebur na minti ɗaya. Ya yi niyyar faɗa mata ko shi wane ne, sai ya ga yarinyar ba ta san komai ba, aikinta take yi, ga shi har ta kira shi da girmamawa. Ya naɗe hannun riga ya karɓi shebur, ya haƙa rami, ya dasa ciyawar da kyau, ya danne gindinta da ƙafa. Da shebur ɗin ya shiga ƙasa, taɓon da ya fito baƙi ne, kuma ya san warin. Mai hoto ya ce a yi murmushi.

Bayan wata ɗaya Kwame ya kira shi yana dariya har numfashinsa na sarƙewa, ya ce ya je tashar jirgin fito ta St. George ya ɗaga kai. Hoton ya kai tsayin mutum biyu: Malam Rabi'u da shebur, zalɓe a gefe, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa maƙwabtanmu su ne abin alfaharinmu. Na'ima ta biya ta wurin a hanyarta ta zuwa aiki, ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta dawo gida ta ce rigar dai ta fito, amma ko hular bai gyara ba.

Ciyawar kuwa ba ta kai kaka ba ta bushe. Kamfanin ya fitar da sanarwa cewa gishirin ruwa ne ya yi yawa a bana.